Shata da Makaɗansa a Funtuwa: Faya-fayai, Shekarun Ƙarshe da Haƙƙin da Ya Rage

Alhaji Mamman Shata Katsina ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka ɗauki gawarsa zuwa Daura aka yi masa sutura a can. Rasuwarsa ita ce ƙarshen ƙungiyar kiɗan kalangu da ta fi kowace suna a ƙasar Hausa a ƙarni na 20, wadda ta yi kusan shekara 40 tana da mazauni a Funtuwa. Har yau ana jin muryarsa a gidajen rediyo da shagunan kasuwa da motocin haya, ana kuma tura waƙoƙinsa daga waya zuwa waya kamar jiya aka yi su.

A ƙasashen Turai, idan ƙungiyar mawaƙa ta watse, akwai abin da ake nunawa a ce ga kundinta na ƙarshe. An san ɗakin da aka ɗauke shi, da ranar da ya fito kasuwa, da yawan waƙoƙin da ke ciki, da sunan duk wanda ya taɓa kayan kiɗa a wurin. Aikin Shata bai bi wannan tsari ba. Abin da ya bari tarin ɗauka ne a warwatse, wani a hannun kamfani, wani a ma'ajiyar gidajen rediyo, mafi yawa kuwa a akwatunan masoya. Bambancin ya shafi kuɗi kai tsaye, domin shi ke nuna wa ke da haƙƙi a kan me, musamman mutanen da suka tsaya bayan mawaƙin suna kiɗa suna amshi.

Daga Musawa zuwa Funtuwa

An haifi Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga sana'ar da mutanen wancan zamani ke ɗauka roƙo ce ba. Ya yi tallan goro, ya yi na alewa, a dandali kuma ya soma waƙa cikin samari da 'yan mata, har waƙar ta rinjayi tallan. Daga bisani ya koma Bakori, inda wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, yake aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa, ya kuma zame masa ubangida. Sunansa ya fita sosai a Kano a 1952, lokacin bikin 'yan sarki, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 1960 ya tare a Funtuwa, kuma ko da yake yana da gidaje a Kano da Musawa, Funtuwa ce ta zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Duk wanda ya san wannan yanki zai gane dalilin zaɓin. Ƙasar da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, wadda ta haɗa da Bakori da Danja da Kafur da tsohon garin Gozaki, ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, mai son auduga da dawa da masara. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta girka injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa ta Funtuwa, hanyoyin mota kuma suka haɗu a nan: ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, da wadda ta bi Malumfashi ta nufi Katsina da Kano. Gari irin wannan yana tara fatake da direbobi da dillalai da ma'aikatan kamfani, kuma da zarar an auna auduga kaka ta yi, kuɗi na shiga hannun manoman ƙauyukan kewaye, bukukuwan aure su taso a jere. Mawaƙin da bai jingina da fada guda ba, irin wannan wuri yake bukata, inda masu kyauta suke da yawa kuma hanya a buɗe take ta kowace fuska. Shi kansa Shata ya riƙe noma a yankin.

Funtuwa ba Shata kaɗai ta riƙe ba. A can Hajiya Barmani Choge ta zauna da ƙungiyarta ta kiɗan ƙwarya, wato amada, har ta rasu a 2013. Ƙaramin gari ne idan aka gwada shi da Kano, amma a tarihin waƙar baka ta Hausa nauyinsa ya fi girmansa.

Yadda ƙungiyar take

Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu, da fata a baki biyu, da igiyoyi da suka haɗa bakunan. Makaɗi na rataya shi a kafaɗa, ya matse igiyoyin a hammata ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka, har ya bi karin maganar Hausa. Asalinsa kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba kiɗan sarauta ba ne kamar taushi ko kotso ko tambari. Shata ne ya shiga da shi zaurukan sarakuna da gidajen gwamnati ba tare da ya sauya masa kama ba.

Tsarin ƙungiyarsa ya bambanta da na makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. A wajen waɗannan, 'yan amshi na karɓar ɗiyan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, don haka dole sai an zauna an haddace waƙa tare kafin a fita da ita. A wajen Shata kuwa, makaɗan su ne 'yan amshi, kuma amshin layi ɗaya ne tak da ake maimaitawa daga farko har ƙarshe. Duk nauyin magana yana wuyansa shi kaɗai. Wannan ne ya ba shi damar ƙirƙirar waƙa nan take, ya ga mutum ya shigo taro ya sa shi a ciki, ya ji labari da safe ya waƙe shi da dare. Akwai kuma sanƙira, mai kirari da sanar da kyauta, wanda muryarsa ke ratsa yawancin abin da aka ɗauka a wurin taro.

Mai saurare na iya zaton aikin makaɗan mai sauƙi ne tunda layi ɗaya suke maimaitawa. Ba haka ba ne. Jagoran da ba ya sanar da inda zai nufa yana bukatar mutanen da suka san numfashinsa, suka san inda zai ja da inda zai tsaya, su shigo da amshi daidai gaɓar ba tare da an yi musu alama ba. A waƙa mai tsawo kamar Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, makaɗan na riƙe ma'auni ɗaya na tsawon lokaci ba gajiyawa, su sassauta hannu in ya sauke murya, su tsananta in ya ɗaga. Wanda ya taɓa jin masu kwaikwayon Shata da makaɗan da ba su ƙware ba ya san yawan abin da waɗancan mutane suka ɗauka.

Ta fuskar rabo, al'adar makaɗan Hausa a fili take. Kyauta ta jagora ce, kuɗi ne ko riguna ko doki ko mota ko kujerar Makka, shi kuma ya raba wa yaransa gwargwadon matsayinsu da daɗewarsu. Shi ke ɗaukar nauyin abincinsu a hanya, ya taimaka da aure da suna da rashin lafiya. Dangantaka ce irin ta ubangida da yaron shago, wadda kowane ɗan kasuwa ya sani, ba a rubuta ta a takarda, amana ce ke riƙe ta. Tsarin ya dace da zamanin da waƙa ke ƙarewa inda taro ya watse. Da na'urar ɗaukar murya ta zo, sai aikin dare ɗaya ya zama abin da za a ci gaba da sayarwa shekara da shekaru, al'adar kuwa ba ta tanadi komai a kan wannan ba.

Hanyoyin da muryar ta bi ta shiga faifai

Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti, kusan minti uku yake ɗauka a kowace fuska. Mawaƙin da ya saba jan waƙa rabin sa'a dole ya datse ta, shi ya sa tsofaffin faya-fayan makaɗan Hausa suke da gajarta da gaggawa. Babban faifai mai juyi 33, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1948, yana ɗaukar kimanin minti 20 a fuska, kuma da ya iso Najeriya ya ba irin su Shata sarari. Kamfanin EMI na Ingila, wanda ke da reshe da ɗakin ɗaukar murya a Legas, yana cikin waɗanda suka buga faya-fayansa. A wancan ɗakin na Legas ne Paul McCartney da ƙungiyarsa ta Wings suka yi aikin kundinsu a 1973. Daga baya reshen ya koma hannun 'yan ƙasa da sunan Ivory Music.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko tasiri, ita ce rediyo. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, tare da haɗin gwiwar EMI da kamfanin Granada na Manchester. Gidan ya riƙa gayyatar makaɗa yana ɗaukarsu a manyan zaruruwa, yana watsa su har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. A 1978 ya shiga ƙarƙashin hukumar Rediyon Tarayya. Gidajen rediyon jihohi da na talabijin su ma sun yi nasu ɗaukar. Manomin Gozaki da bai taɓa mallakar garmaho ba, ta wannan akwati ya san Shata, tun kafin ya gan shi ido da ido a wani biki a Malumfashi.

Ta uku ita ce kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma a Arewa sai a shekarun 1970 ya bazu, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, lokacin da rediyo mai kaset ta shiga gidaje da shaguna. Daga nan kowa ya zama mai ɗauka. Mai biki ya ajiye rikoda gaban makaɗa, direba ya ɗauka daga rediyo, masu shagon kaset a Ƙofar Wambai ta Kano da sauran kasuwanni su kwafa su sayar, a rubuta sunan waƙa da biro a bayan kwali, ba shekara ba sunan wuri. Wannan ya kai muryar Shata inda kamfani ba zai taɓa kai ta ba, ya kuma yanke duk wata hanya da kuɗin cinikin zai komo wurin masu aikin.

Saboda haka waƙa ɗaya takan zo da fuskoki da yawa. Waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, ya rera su a lokuta daban-daban cikin shekaru masu yawa, kowane karo da sababbin ɗiya, da sunayen waɗanda suka halarta a ranar. Masu nazari kan gano shekarar waƙa ta abin da aka ambata a cikinta. Wadda ya yi wa kumbon Apollo 11, alal misali, ba za ta riga Yulin 1969 ba, lokacin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. Sauran kuwa sai a dubi sarautar da mutum ke riƙe da ita lokacin da aka ambace shi, ko kaurin muryar mawaƙin, wadda ta sauya da shekaru.

Masana sun yi aiki a kan wannan tari. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, tun mawaƙin na tsakiyar ƙarfinsa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, kuma ɗaya daga cikinsu, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, ya ci gaba da bin diddigin waƙoƙin da mutanen da aka yi wa su. Shi kansa Shata bai riƙe lissafin yawan waƙoƙinsa ba, kuma da yawa daga cikinsu sun tafi da taron da aka yi su a ciki, domin ba rikoda a wurin.

Shekarun ƙarshe

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Siyasa ta ci wani ɓangare na lokacinsa. Ya taɓa zama kansila a Kankiya a shekarun 1970, a Jamhuriya ta Biyu ya yi GNPP sannan ya koma NPN, a ta Uku kuma aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, muƙamin da bai ƙare da daɗi ba, domin an tsige shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar a jihar.

Daga nan rashin lafiya ya soma rage masa fita. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya samu sauƙi ya dawo, sannan ciwon ya sake tashi. Ya rasu makonni uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula ranar 29 ga Mayu, 1999. An binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Bashar, kamar yadda ya so.

Ƙungiyar da aka gina a kan bakin mutum ɗaya ba ta da yadda za ta ci gaba bayansa. A gidajen kiɗan gado, ɗa ko ƙane kan gaji jagoranci da 'yan amshin da suka haddace waƙoƙi, sai a ɗora daga inda aka tsaya. A nan kuwa abin da makaɗan suka riƙe shi ne kiɗa da amshi, ɗiyan waƙar sun tafi da mai su. Masu rera waƙoƙin Shata a yau, na gida da na waje, daga kaset suke haddacewa, wato fuska ɗaya daga cikin fuskoki da yawa ita ce ta daskare ta zama waƙar.

Misali daga Manchester

Domin a ga yadda al'amarin yake a inda komai ke rubuce, ya isa a dubi wata ƙungiya ta garin da audugar Funtuwa ta daɗe tana tafiya yankinsa. An kafa The Smiths a Manchester a 1982. Mutum huɗu ne: Morrissey mai waƙa, Johnny Marr mai jita, Andy Rourke mai jita mai kaurin sauti, da Mike Joyce mai ganguna. Suna cikin jagororin wani reshe na kiɗan rok da ya tashi a ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, yana ƙyamar salon manyan kamfanoni, kuma kamfanin Rough Trade na Landan ne ke buga musu faifai. Kundi huɗu suka yi a ɗakin ɗaukar murya. Na biyu, wanda ya fito a 1985, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin ciniki na Birtaniya.

Na huɗu kuma na ƙarshe sunansa Strangeways, Here We Come, an samo sunan daga gidan yarin Strangeways na Manchester. An ɗauke shi a farkon 1987 a ɗakin Wool Hall da ke kusa da garin Bath, tare da injiniya Stephen Street. Waƙa goma ne a ciki. Kafin ya fito Marr ya bar ƙungiyar, gajiya da saɓani da rashin tsayayyen manaja suka taru suka raba shi da Morrissey. Kundin ya shiga kasuwa ranar 28 ga Satumba, 1987, kwana biyar bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ya kai matsayi na biyu a jadawali. Ƙungiyar ba ta taɓa fita yawon wasa da shi ba. Cikakken wasansu na ƙarshe a gaban jama'a shi ne na Disamban 1986 a Brixton, wanda aka shirya domin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Morrissey da Marr duk sun sha cewa wannan kundi ne suka fi so a cikin ayyukansu. Abin lura, sun riga sun sa hannu da EMI kafin su watse, kamfanin nan dai da ya buga faya-fayan Shata.

Rigimar da ta biyo baya ita ce ta shafi batunmu. Kuɗin rubuta waƙa na Morrissey da Marr ne, ba wanda ya yi jayayya da wannan. Amma kuɗin cinikin faifai da na wasanni, su biyun suna ɗaukar kashi 40 cikin ɗari kowannensu, Rourke da Joyce kuma kashi 10 kowanne. Makaɗan biyu suka kai ƙara. Rourke, wanda ke cikin matsin kuɗi, ya karɓi fam 83,000 a 1989 ya amince da kashi 10 ɗinsa ya janye. Joyce ya dage. A Disamban 1996 Babbar Kotun Landan ta yanke cewa su huɗun abokan tarayya ne a sana'a, kuma bisa dokar tarayyar kasuwanci ta 1890, idan ba a tabbatar da wata yarjejeniya ta daban ba, rabo daidai ake yi. Aka ba Joyce kashi 25 cikin ɗari, da bashin baya na kimanin fam miliyan ɗaya. Morrissey ya ɗaukaka ƙara, ya faɗi a 1998. Rourke ya rasu a Mayun 2023, kuma ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba.

Tambayar da kotun ta amsa ita ce wadda ake yi a kowace kasuwa idan ubangida da yaro suka rabu: wannan abokin tarayya ne ko ma'aikaci? Ba daidai ba ne a ɗauki hukuncin Landan a ɗora wa ƙungiyar Shata, domin makaɗansa ba su taɓa ɗaukar kansu tsaransa ba, kuma al'ada ta ba su wasu haƙƙoƙi a wuyansa da mai gangar Manchester bai samu a wurin nasa jagoran ba. Sai dai mai gangar Manchester ya iya zuwa kotu ne domin sunansa na jikin kwalin faifai, akwai kuma littafin ciniki da za a buɗe a ƙirga. A faya-fayan makaɗan Hausa, abin da aka saba rubutawa shi ne sunan jagora, sai a ƙara da cewa da ƙungiyarsa.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ita ta maye gurbin ta 1988, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ke kula da aiwatar da ita. Dokar ta raba abin da kunne ke ji a matsayin abu ɗaya zuwa haƙƙoƙi daban-daban.

Akwai waƙar kanta, kalmominta da karinta. Wannan na wanda ya ƙirƙira ne, kuma kariyarsa na ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ga Shata, lissafin ya kai ƙarshen 2069, haƙƙin kuma ya shiga cikin gadonsa kamar gona ko gida. Sharaɗin shi ne a ce an adana aikin a wani abu da za a iya komawa gare shi, takarda ko faifai ko zare. Waƙar da aka yi a biki ba wanda ya ɗauka, ba abin da doka za ta kama.

Akwai kuma ɗaukar, wato sautin da ke cikin wani faifai ko kaset takamaimai. Wannan yawanci na wanda ya shirya ɗaukar ne, kamfani ko gidan rediyo, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban, kuma shekara 50 yake yi. Faifan da ya fito a 1975, kariyar ɗaukarsa na ƙarewa ne a ƙarshen 2025, amma waƙar da ke cikinsa tana nan a hannun magada. Mutane da yawa na ruɗewa a nan, su zaci tsufan faifai ya halatta musu yin talla ko fim da waƙar ba izini.

Sannan akwai haƙƙin mai gabatarwa, wanda ya shafi duk wanda ya yi waƙa ko kiɗa a wurin ɗaukar, shi ma na shekara 50 ne. A nan makaɗan kalangu suke da gurbi a doka. Amma ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi, irin su MCSN, da manhajojin sauraren waƙa na intanet, da suna da rajista suke biya. Wanda ba a rubuta sunansa a kan ɗauka ba, ba ta inda rabonsa zai same shi ko 'ya'yansa. A halin yanzu waƙoƙin Shata na cike a YouTube da sauran dandamali, akasari waɗanda suka ɗora su ba su da alaƙa da gidansa ko gidajen makaɗansa. Masu tura waƙoƙi a katin waya a bakin kasuwannin Funtuwa da Malumfashi su ne magadan masu shagon kaset na da, sai dai su ko kwali ba sa bayarwa.

Halin da zaruruwan ke ciki

Zaren maganaɗisu, na kaset ne ko na manyan na'urorin rediyo, ba ya son zafi da laima da ƙura, abubuwan da ƙasar nan ke da su a wadace. Yakan manne da juna, ya yi furfura, ko fatarsa ta riƙa zuba a kan na'ura lokacin da ake sauraro. Injinan karanta shi ma an daina ƙera yawancinsu, masu gyaransu suna ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa zuwa wajen 2025 samun kayan gyaran waɗannan injina zai yi wuya ƙwarai, suka nemi a gaggauta mayar da abin da ke cikin zaruruwa zuwa kwamfuta.

Mayarwar ma tana da ƙa'ida. Abin da ke yawo a wayoyi yawanci kwafin kwafi ne, an matse shi domin ya yi sauƙin turawa, an yanke farkonsa da ƙarshensa. A waɗannan gefuna da ake yankewa ne mai gabatar da shiri kan faɗi rana da wuri, sanƙira ya ambaci mai biki, wani lokaci Shata kansa ya kira makaɗi da sunansa. Masu adana sauti kan nemi asalin zaren, su kwafe shi cikakke ba yanka, su rubuta duk abin da ke jikin kwalin, sannan su nemi dattawan da za su iya gane muryoyin da ke amshi. Ɗaukar shekarun 1990, wadda ta ƙunshi fitowarsa ta ƙarshe a bukukuwa da tarurruka, mafi yawanta a ƙananan kaset-kaset ne da na bidiyo na masu biki, irin waɗanda ake ajiyewa a ƙasan akwati a gidajen Funtuwa da Bakori da Malumfashi da ƙauyukan da ke tsakaninsu.